Saƙo Ya Dawo, Sai Mu Goge Sunan?

 

A 'yan shekarun nan rubutun tarihin gida ya samu kasuwa a tsakaninmu. Zuriyoyi da dama a ƙasar Daura sun buɗe zaure a WhatsApp, ana taron zumunci bayan salla, ana buga kalanda mai hoton kaka a tsakiya, wasu har sun kai ga buga ɗan littafi mai jera 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Kuma in an tashi neman wanda zai riƙe alƙalami, mu ake nunawa, saboda an san muna ɗan taɓa rubutu. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta shigo cikin aikin, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta tun ba ta zama jiki ba.

Ga yadda take faruwa. Mai tattara sunaye ya nemi wani reshe na dangi da ya yi nisa. Ya tura imel, saƙon ya dawo masa. Ya kira lambar waya, an ce a kashe take. Ya tura ta WhatsApp, saƙon ya tsaya da alama guda ɗaya, mako ya wuce, wata ya wuce. Sai ya gaji. A cire lambar daga zaure, in an zo buga littafi kuma a tsallake reshen, ko a ambaci sunan uban a yi shiru kamar bai haihu ba. Babu wanda ya yi niyyar mugunta. Amma nan da shekara ashirin, lokacin da tsofaffin da suka san gaskiya sun kau, wannan littafin ne zai zama hujja, kuma duk wanda ba ya ciki an raba shi da gida ke nan.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. In saƙo ya dawo, adireshi ne ya gaza. Sunan mutum ba ya fita daga salsala don lambarsa ta mutu. Aikin mai alƙalami shi ne ya gano abin da ya dawo da saƙon, ya bi wata hanya, in kuma duk hanyoyi sun toshe ya bar gurbi a takarda, ya rubuta cewa a nan labari ya yanke.

Saƙon da ya dawo yana da bayani

Mu fara da imel, tun da shi ne ke faɗin dalilinsa da bakinsa. Yawancinmu in muka ga wannan doguwar sanarwa ta Turanci ta shigo, sai mu goge ba mu karanta ba. Alhali a cikinta akwai lamba mai alƙaluma uku, kuma alƙalamin farko shi ne labarin. In ta fara da 4, matsalar ta wucin gadi ce: na'urar da za ta karɓi saƙon a can ɓangaren ta cika da aiki, ko ta ce a dakata, kuma galibi ana ci gaba da gwadawa na 'yan kwanaki ba tare da mun sake turawa ba. In ta fara da 5, an ƙi karɓa baki ɗaya. Wadda aka fi gani ita ce 550, kuma sau da yawa ma'anarta babu wannan adireshin a can. Wani lokaci kuma sanarwar kan ce akwatin mutumin ne ya cika.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nuna mana mataki daban. Akwatin da ya cika yana nufin adireshin na nan, mai shi ne ya daina leƙawa. Adireshin da aka ce babu shi yana iya zama kuskuren harafi guda, ko kuma na wurin aiki ne da aka rufe bayan mutum ya yi ritaya, ko na makaranta bayan ya gama karatu. Yana iya kuma zama an share shi: kamfanin Google ya sanar a 2023 cewa daga watan Disambar shekarar zai iya share asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Dattijon da aka buɗe wa imel saboda cike wata takarda, bai sake buɗewa ba, yana cikin waɗanda wannan ta shafa, alhali yana zaune lafiya a ƙofar gidansa.

Wayar ma haka take. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma a 2024 an toshe layuka masu yawan gaske da ba a haɗa ba. Su wa abin ya fi shafa? Tsofaffi, da mutanen ƙauye, da matan da aka yi musu rajistar layi da sunan miji ko ɗa. Wato dai waɗanda suka fi kowa riƙe tarihin gida a ka. WhatsApp kuma yakan share asusun da ya kwana 120 bai hau intanet ba. Ga wayar da aka sace, ga wadda ta faɗa rijiya, ga mutumin da ya sayar da babbar waya ya koma ƙarama saboda tsadar rayuwa. Duk cikin waɗannan babu abin da ya ce mutum ya rasu ko ya yanke zumunci.

Sai matsalar rubuta suna. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a bakin uwarsa, Mamman a unguwa, Mohammed a takardar makaranta. In kuwa ya girma a hayin iyaka ya yi makarantar Faransanci, Mahamadou ne, ƙaninsa Yusufu ya koma Issoufou, Usman ya koma Ousmane, garin da muke cewa Damagaram a takardunsu Zinder ne. Mai neman ɗan'uwa a Facebook da rubutu iri ɗaya kawai zai dawo ya ce babu shi, alhali yana nan da hotonsa.

Daura kanta ta sha canza adireshi

Wanda yake ganin adireshi abu ne tsayayye, ya dubi garin da muke magana a kai. Rijiyar Kusugu ba ta gusa daga inda take ba, amma wasiƙar da aka aiko Daura a farkon mulkin Turawa ta Lardin Kano take bi. Daga 1934 ta koma Lardin Katsina. A 1967 ta zama Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 Jihar Kaduna, a 1987 Jihar Katsina. Wannan yana da amfani ga mai bincike kai tsaye: in ka je gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna kana neman tsofaffin takardun ƙasar Daura a ƙarƙashin Katsina kaɗai, za ka iya dawowa hannu rabbana, saboda na farkon zamanin a ƙarƙashin Kano aka rubuta su.

Tarihin sarautar ma darasi ne. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar tsohon gidan ta kafa mulki a Zango da Baure, ta zauna a inuwar Damagaram shekaru masu yawa. Kusan ƙarni guda ke nan adireshinsu ba Daura ba ne. Da a ce masu riƙe da jerin sarakuna sun yi irin tamu, sun goge duk wanda ya bar gari, da babu abin da za a kama lokacin da Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ba shi Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Umar Faruk Umar ya hau a 2007. Sarƙar ta ɗore ne saboda an ci gaba da kiran sunayen a lokacin da masu su ba sa gida.

Ba sarakuna kaɗai abin ya shafa ba. Lokacin da Ingila da Faransa suka ja layin iyaka, sun ratsa ta tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura. A yau masarautar tana da ƙananan hukumomi biyar, Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, kuma a garuruwan bakin iyaka abu ne sananne a ce goggo tana aure a Magarya, kawu yana noma a wajen Matamaye. Lambar wannan tana farawa da 234, ta wancan da 227. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 aka kwashe fiye da shekara, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta zirga-zirga ta Kwangwalam da Babban Mutum takan yi wuya, wanda ya saba kawo labari kowane mako sai a daina ganinsa. Littafin zuriyar da aka rubuta a irin wannan lokaci, da sunayen waɗanda aka samu a waya kawai, zai fito da rabin gida.

Akwai kuma waɗanda suka yi nisa tun kafin a san waya. Mahajjata da suka tafi a ƙafa suka tsaya noma a Sudan don neman guzuri, har suka hayayyafa a can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka zauna a zangon Kumasi da Akara, wasunsu dokar korar baƙi ta Gana ta 1969 ta watsa su. Gidaje da yawa suna da labarin kakan da ya tafi gabas ko ya tafi kurmi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tsofaffinmu ba su goge irin waɗannan ba. Sukan ce, "Akwai wane, ya tafi Makka bai dawo ba." Wannan gajeriyar magana ita ce gurbin da muke cewa a bari, kuma da ita jikan da ya zo cigiya bayan shekara sittin yake samun ƙofar shiga.

Abin da ke kan gaba ya wuce kalanda

Wani zai ce ai littafin zumunci ne kawai, ba takardar kotu ba. To, mu tuna cewa a ƙasarmu rubutu yana da kwarjini. Ranar da rigimar gona ko gida ta tashi, duk takardar da aka samu za a ɗauko, har da ɗan littafinmu. Reshen da muka tsallake saboda lamba ba ta shiga yana iya zama reshen da ke da haƙƙi a gadon da ba a raba ba tun zamanin kaka. Ba mu ne alƙalai ba, amma kada alƙalaminmu ya zama sandar da za a kori maraya da ita.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan wanda ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matarsa ba ta yin aure don kawai an daina jin labarinsa. Sai ta kai ƙara wurin alƙali, a yi bincike, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin sa'anninsa ba sa wuce su. Dubi irin wannan taka-tsantsan. Shari'a ba ta ɗauki shiru a matsayin mutuwa ba. Mu kuwa mun kira sau uku ba a ɗauka ba, mun yanke hukunci.

Sai batun aure. Sanin wa ya haifi wa, wa ta shayar da wa, shi ke hana a ɗaura auren da bai halatta ba. A da, ƙauye ɗaya ake zaune, ungozoma da kakanni sun san komai. Yanzu yara suna haɗuwa a jami'a ko a wurin bautar ƙasa, kowa daga garin da ubansa ya yi aiki. Rubutacciyar salsala mai cikakkun rassa tana da aikin yi a nan.

Kuma mu lura da su wa suka fi faɗuwa daga jeri: mata. Mace ta yi aure ta bar gari, ta koma amfani da wayar miji, auren ya mutu, ta sake wani a wani gari. A gida ma ba a kiran sunanta na yanka saboda alkunya, sai Hajiya Babba, sai Inna, sai Goggon Zango. In mai tattarawa ya tambayi sunanta, samari ba su sani ba, sai a rubuta "da 'yan mata uku" a wuce. Wannan abin kunya ne musamman ga mutumin Daura, garin da jerin masu mulkinsa ya fara da mata tun kafin Daurama, kuma har yau sarautar Magajiya tana nan. Wanda ya san littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya san yawan dangantakar da mace ɗaya ke riƙe da ita a kanta. Mu cire su daga takarda, sannan mu rasa wanda za mu tambaya.

Gurbi ya fi ƙarya

Akwai kuskure na biyu, kishiyar na farko, kuma shi ya fi kama marubuta. In sarƙa ta yanke, sai hannu ya riƙa ƙaiƙayi. Mun saba da ƙirƙirar labari, mun san yadda ake haɗa wannan da wancan ya zauna daram. Sai ka ga an samu sunaye biyar tabbatattu, na shida ana shakka, amma a littafi an miƙe har Bawo ɗan Bayajidda, ko har Bagadaza. Labarin Bayajidda da macijin Kusugu da Hausa Bakwai gadonmu ne, muna alfahari da shi, kuma masana sun daɗe suna nazarinsa, tun daga abin da H. R. Palmer ya tattara ya buga a 1928 har zuwa littafin M. G. Smith a kan al'amuran Daura na 1978. Amma Girgam jerin sarakuna ne. Bai zama tsani da kowane gida zai jingina don ya hau ba.

A nan malaman hadisi sun bar mana misali mai kyau. Ba su ɓoye yankewar sarƙa ba, suna suka sa mata. In an rasa mai ruwaya a tsakiya, akwai sunan wannan. In an rasa daga farko, akwai sunansa. In tabi'i ya tsallake sahabi, shi ma da nasa. Mai karatu yana ganin inda igiyar ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni, ya san yadda zai riƙe ta. Haka ya kamata tarihin gida ya kasance. "Malam wane ya haifi 'ya'ya shida, mun samu labarin huɗu, biyu sun koma wajen Damagaram kafin zuwan Turawa, labarinsu ya yanke mana." Wannan jimla ta fi shafi goma na ƙawa daraja, domin ita ce ke gaya wa na baya inda zai ɗora.

Abin da za a iya cewa a kan ra'ayinmu

Akwai hujjoji biyu masu nauyi da ya kamata mu saurara.

Ta farko ta masu kula da zauren dangi ce. Suna cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan sake sayar da shi, don haka lambar marigayi kawu tana iya kasancewa a hannun baƙo, yana zaune cikin zaure yana karanta sirrin gida, yana ganin hotunan yara, har ma ya yi amfani da sunan ya nemi kuɗi. Wannan gaskiya ne, kuma mun yarda a cire lambar. Abin da muke cewa shi ne a raba abu biyu da aka saba haɗawa. Jerin lambobi daban, jerin zuriya daban. Na farko yana canzawa kullum, a share a gyara yadda aka ga dama. Na biyu ba a cire kowa daga cikinsa. Matsalar ta taso ne daga ranar da muka mayar da zauren WhatsApp shi ne rajistar dangi.

Ta biyu ta fi zurfi. Ba kowane shiru ne na na'ura ba. Wani ya ga saƙon, ya zaɓi kada ya amsa. Wataƙila an zalunci uwarsa a rabon gado, wataƙila an kore su daga gida, wataƙila kuma akwai abin da yake tsoron a tono. Kada mu manta sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya, kuma har yau kalmar "asali" tana iya rusa baiko a wasu gidaje. Mai binciken salsala yana tafiya ne a kan tabon da bai gama warkewa ba. Amsarmu a nan ita ce mutum yana da ikon ya ce kada a buga lambarsa, ko hotonsa, ko sunayen 'ya'yansa, kuma dole mu girmama hakan. Ba kowane abin da muka ji ne na bugawa ba. Bincike daban, tonon silili daban. Amma ko a nan, abin da ya dace shi ne a ambaci cewa reshen yana nan, a tsaya. Fushi yakan huce, 'ya'yan mai fushi sukan zo neman gida. In sun zo su tarar da ƙofa a buɗe.

To, me za mu yi a aikace?

Da farko, a riƙe littafi na takarda, ko da akwai kwafi a kwamfuta. Kowane mutum da shafinsa ko layinsa: sunan yanka, laƙabi, sunan uwa da na uba, garin haihuwa, unguwa, sana'a. Lambar waya da imel a rubuta su da fensir, tare da ranar da aka tabbatar suna aiki.

Na biyu, kowane suna a sa masa mutum biyu da za a iya bi ta hannunsu a same shi, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Adireshin Bahaushe na asali mutane ne: gidan wane, kusa da masallacin wane, a tambayi mai unguwa.

Na uku, in saƙo ya dawo a rubuta ranar da dalilin, sannan a sauka daga kan waya. Zumunta a ƙafa take. Akwai mai unguwa da dagaci, akwai limamin da ya ɗaura auren, akwai wanzamin gidan da ya gaji aikin daga ubansa, ya san zanen kowane gida, akwai maroƙan da ke riƙe da sunayen kakanni saboda da su suke cin abinci. Akwai direbobin tasha, akwai kasuwar Mai'adua da ke tara mutanen ƙasashen biyu, akwai sanarwar cigiya a gidan rediyo. Ga sallar Gani, lokacin da 'yan Daura na nesa ke dawowa gida: wanda ya zauna da littafinsa a zauren gidansu kwana biyu a wannan lokaci zai cike abin da wata shida na kiran waya bai cike ba.

Na huɗu, kowane bayani a rubuta daga bakin wa aka ji shi, da yaushe. In tsofaffi biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji. A fara da mafi tsufa, a fara da mata, kuma a fara yau, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, in an zo bugawa, a ware shafi a ƙarshe mai ɗauke da rassan da ba a samu ba, da abin da aka sani na ƙarshe game da kowanne: ya tafi wajen kaza, a zamanin sarki wane, yana sana'ar kaza. A bar farar takarda a ƙarƙashinsa. Lambobin mutane da adireshinsu kuwa kada su shiga littafin da zai fita waje, su tsaya a hannun amintattun gida.

Ga masu rubuta ƙagaggun labarai kuma, akwai riba a nan da ba a zata ba. Muna yawan kukan cewa jigo ya ƙare, kowa soyayya, kowa kishiya. Alhali kowane gurbi a salsalar gidanku labari ne da ba a taɓa rubutawa ba. Me ya fitar da mutum daga Zango ya nufi gabas da ƙafa? Wace rayuwa matar da aka aurar hayin iyaka ta yi, a shekarar da aka ce mata yanzu ita da iyayenta ba ƙasa ɗaya suke ba? Ku ɗauki wannan ku gina labari yadda kuke so, ku canza sunaye, ku kira shi ƙage. Sharaɗin kawai shi ne kada ƙagen ya koma cikin littafin tarihi ya zauna a kujerar gaskiya.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: kowa ya rubuta sunayen 'ya'yan kakansa na wajen uwa, maza da mata, da sunayensu na yanka. Inda ya tsaya, ya sa alama, ya nemi tsohuwa mafi kusa ya tambaya. Ba ma buƙatar a kawo sunayen nan, na gida ne. Abin da muke so mu ji shi ne a suna na nawa aka tsaya, kuma wa ya buɗe hanya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sada mu da waɗanda suka yi mana nisa, Ya sa alƙalaminmu ya zama mai haɗawa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.